Maƙalar Mako: Fitila Ɗaya Ce Ko Biyu?

 Wannan makon layi ya zo kanmu, mu na Yauri. Waɗanda suka daɗe a nan za su tuna muhawarar da aka tafka watannin baya, inda wani ɗan uwa ya ce Hausa ta labarin soyayya ce da wa'azi, in aka ɗora mata kimiyya sai ta durƙushe. Ranar mun cika baki, muka ce za mu gwada, kuma ba abu mai sauƙi za mu zaɓa ba. To yau ga shi mun kawo: yadda masana ke leƙa jariran taurari da wani haske da ido ba ya gani, har su gane cewa abin da aka ɗauka ɗaya ne ashe biyu ne ko uku. Sai dai garin haɗa rubutun mun yi tuntuɓe da wata magana da ta shafe mu mu kanmu, wadda da son samu ne da ba mu faɗe ta ba. Ku daure ku bi mu, tana can gaba.

Bari mu fara daga bakin ruwa.

Muna yara, in an yi hutun makaranta akan kai mu wajen kakarmu a wani ƙauye na ƙasar Ngaski, a gaɓar tafkin Kainji. Bayan sallar isha'i, Yayarmu, wadda ta ba mu shekara shida, takan ja mu bakin ruwa mu yi wani wasa. Can nesa za ka hango ɗigon haske na masunta. Sai ta ce, "Auta, ɗaya ce ko biyu?" Mu ce ɗaya. Ta ce biyu. A zauna a jira. In kwalekwalen ya fara matsowa, sai ɗigon ya yi tsawo kamar ƙwayar shinkafa, can sai ya tsage gida biyu: uba a baya da tocilarsa, ɗa a gaba da tasa. Kusan kullum ita ke cinye mu. Da muka dame ta sai ta faɗa mana sirrin. Ta ce idonta bai fi namu ba, ta dai san da wuya masunci ya fita ruwa shi kaɗai da dare.

Ita ce kuma ta fara nuna mana Kaza da 'Ya'yanta, ɗan gungun taurarin nan da malamai masu lissafin taurari ke kira Surayya. A watan Disamba, tsakanin ƙarfe goma da sha ɗaya na dare, Kaza tana kusan tsakar ka a sararin Yauri. In ka gangaro da ido gabas kaɗan za ka ga wani tauraro ja-ja yana biye da ita, shi ne Dabaran. To tsakanin su biyun, amma ya fi kusa da Dabaran, akwai wani tauraro da ido ba ya kamawa sai da na'urar hangen nesa. Sunansa T Tauri. Kada wani ya zaci ɗan tauri ne. Kalmar daga Latin take, daga sunan burujin Sa, wanda Larabawa ke kira Sauru.

Wani Bature ɗan Ingila mai suna John Russell Hind ne ya gano shi a Landan cikin watan Oktoba na 1852. Abin da ya ja hankali a kansa shi ne rashin zama wuri ɗaya: yau ya yi haske, gobe ya dusashe, ba tsari. A 1945 wani masani ɗan Amurka, Alfred Joy, ya tara taurari masu irin wannan hali ya sa musu sunansa gaba ɗaya. Daga baya aka fahimci cewa jarirai ne. Shekarun ranarmu sun kai miliyan 4,600, shi kuwa T Tauri kimanin miliyan ɗaya gare shi. Mu ƙaddara rana magidanciya ce mai shekara 46. A wannan ma'auni taurarin Kaza ba su wuce 'yan shekara ɗaya ba, T Tauri kuwa ɗan kwana huɗu ne, ko suna ba a yi ba. Wutar nukiliyar da ke ci a cikin rana ma ba ta kama sosai a cikinsa ba tukuna. Zafin da yake fitarwa daga matsuwa yake, yadda famfon taya ke ɗaukar zafi in an daɗe ana bugawa.

Nisansa da mu ya kai kimanin shekarar haske 470. Ma'ana, hasken da zai iso Yelwa daren yau ya baro can tun ƙarni na 16, ƙarnin da Kanta ya kafa daular Kabi.

Daga 1852 har zuwa 1981, shekara 129 ke nan, duk wanda ya duba T Tauri fitila ɗaya yake gani. Abu biyu ne suka rufe wa mutane ido: ƙura da nisa. Mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Ana haihuwar tauraro ne a cikin wani makeken gajimare na iskar gas da ƙura mai laushi kamar hayaƙi. Gajimaren yakan dunƙule saboda nauyin kansa, tsakiyar ta yi zafi ta zama tauraro, ragowar kuma ta shimfiɗu tana kewaya shi kamar faifai. Jaririn yana nan a nannaɗe cikin wannan zani. Hasken da idonmu ke gani in ya zo ratsa ƙurar sai ya tarwatse.

Amma akwai wani hasken. A shekarar 1800, William Herschel ya ratsa hasken rana ta cikin gilashi mai kusurwa uku, launuka suka bazu kamar bakan gizo. Ya riƙa sa ma'aunin zafi a kan kowane launi. Da ya gota ja, ya ajiye ma'aunin a inda babu launin komai, sai ya ga zafin ya ƙaru. Ashe a bayan ja akwai haske, ido ne kawai ba ya ganinsa. Shi ne ake kira infared. Mu a wannan rubutu za mu ce masa hasken bayan-ja, tunda nan ne mazauninsa. In wani yana da kalmar da ta fi wannan, ƙofa a buɗe take.

Ba sai an je Turai za a gan shi ba. Lokacin da muke karatun difloma a fannin lantarki, abu na farko da aka koya mana wajen gwada rimot shi ne wannan: buɗe kyamarar waya, ka saita bakin rimot ɗin talabijin, ka danna. A yawancin wayoyi za ka ga ɗan ƙwai yana ƙyaftawa a fuskar wayar, alhali idonka bai ga komai ba. In kyamarar baya ta ƙi, gwada ta gaba. Har yau da muke aikin haɗa sola a Yelwa, da wannan dabarar muke raba gardama da masu cewa rimot ɗinsu ya mutu.

Me ya sa bayan-ja ke ratsa ƙura? Masu sauraron rediyo sun san gajeren zango da matsakaicin zango. Shi ma haske tafiyar igiya yake yi, kowane launi da tsawon zangonsa. Shuɗi gajere ne, ja ya fi shi tsawo, bayan-ja ya fi ja. Duk wanda ya taɓa zama bakin tafkin nan ya ga yadda ƙananan igiyoyi ke wargajewa in sun bugi kututturen itace, amma babbar igiyar da jirgin inji ya tayar sai ta wuce shi kamar ba ya nan. Haka dogon zango ke wuce ƙwayar ƙura. Shi ya sa in ka kalli rana ta cikin hayaƙin bandar kifi za ka gan ta jawur: shuɗin ya tsaya a hanya, jan ne ya iso. Akwai kuma dalili na biyu. Ƙarfen da maƙeri ya sa a wuta, tun kafin ya yi ja kana jin hucinsa a fuska. Abin da zafinsa bai kai na rana ba, yawancin haskensa a bayan-ja yake fita. Ƙurar da ke kewaye da jaririn tauraro tana shan haskensa ta yi ɗumi, sannan ta amayar da shi a bayan-ja.

Wannan ke nan game da ƙura. Saura nisa, wato wasan Yaya na ɗaya ko biyu.

Girman madubin na'ura shi ke ba ta kaifin gani, amma iskar da ke saman kanmu tana ɓata aikin. Ƙyalƙyalin da muke sha'awa a taurari, su masana ciwon kai ne gare su, don iska mai zafi da mai sanyi ne ke karkata hasken. Kamar ka jefa kwabo a ruwa mara zurfi ne kana son karanta rubutun jikinsa alhali ruwan na motsi. In ka daɗe kana kallo, dishi-dishi za ka gani. Dabarar da aka samo ita ce a ɗauki hotuna ɗaruruwa, kowane ɗaya cikin ƙasa da ƙiftawar ido, kafin iskar ta motsa, sannan kwamfuta ta tace su ta fitar da abin da bai canza ba a cikinsu duka. Daga baya aka ƙera wani madubi mai lanƙwasa kansa sau ɗaruruwa a daƙiƙa guda yana gyara ɓarnar iska nan take.

Da irin dabarar farko ne wasu masana uku, Dyck da Simon da Zuckerman, suka duba T Tauri da hasken bayan-ja a 1981, suka wallafa sakamakon a 1982. Sai ga wani tauraro a kudu da shi, maƙale a gefensa, wanda ba a taɓa gani ba. A watan Disamba na 1997 kuma Chris Koresko ya saita na'urar Keck mai madubi mita 10, wadda ke kan dutsen Mauna Kea a Hawai, ya duba wannan na kudun. Shi ma ya tsage gida biyu. Aka wallafa a shekarar 2000. Fitila ɗaya ta zama uku. Masana da haruffa suke kiransu, mu kuwa don sauƙi mun raɗa musu Hassan, wanda aka sani tun 1852, da Usaini, da Gambo.

Don ku ji irin kaifin da ake magana, mun zauna mun yi lissafi da kanmu. Fitilun gaban mota tsakaninsu kamar mita ɗaya da rabi ne. Raba Hassan da Usaini daidai yake da mutum ya tsaya a Yelwa ya hango mota a Kano, nisan kilomita 430 a miƙe, ya ce fitilunta biyu ne, ba babur ba ne. Raba Usaini da Gambo kuwa, sai an kai motar birnin Hartum na Sudan, nisan kilomita 3,000. A zahiri tazarar ba ƙarama ba ce. Tsakanin Hassan da sauran biyun ya kai ninki 100 na nisan ƙasa da rana. Nisan da ke tsakaninmu da su ne ya matse su wuri ɗaya.

Ga abin da ya fi tsaya mana a rai. Usaini, wanda ba a taɓa ganinsa da haske na yau da kullum ba, ba ƙaramin tauraro ba ne. Nauyinsa ya kai ninki biyu na rana, kusan daidai da Hassan. Ƙura ce kawai ta tsaya tsakaninmu da shi. Akwai lokutan da in aka duba da dogon bayan-ja, ɓangaren da ke ɓoye ya fi wanda ake gani haske.

Wani zai ce, to an gani, sai me? Amsar ita ce awo. Babu sikelin da za a ɗora tauraro a kai. Amma in biyu suna kewaya juna, faɗin kewayen da tsawon lokacin da yake ɗauka suna faɗin nauyinsu. Yaron da ke korar tsuntsu a gonar shinkafa da majajjawa ya san in yana son dutse ya yi saurin juyawa sai ya ƙara ƙarfin riƙon igiya. A sama ƙarfin janyowa ne igiyar, shi kuma daga nauyi yake zuwa. Ta haka aka auna Shi'ira, tauraron da sunansa ya zo a Suratun Najmi, wanda aka ga abokin zamansa a 1862, suna kewaya juna duk shekara 50. Usaini da Gambo kuwa kewayensu shekara 27 ne. Daga nan aka san Gambo bai kai rabin nauyin rana ba. Da irin wannan awon ake gwada ko lissafin masana game da girman jariran taurari daidai ne ko akwai gyara, kuma ake gane yadda maƙwabci ke gutsure faifan ƙurar ɗan uwansa, wanda daga cikinsa ne duniyoyi ke fitowa.

Ku dubi shekara 27 ɗin nan. Daga 1997 da aka fara raba su zuwa 2024, zagaye ɗaya tak suka yi. A cikin wannan zagaye ɗaya aka haifi da yawanmu a wannan zaure, aka yaye mu, muka yi allo, muka yi boko, wasu har sun yi aure. Duk tsawon lokacin akwai mutanen da aikinsu shi ne su koma kan na'ura bayan shekara ɗaya ko biyu su ɗiga ɗigo ɗaya a takarda. Mu kuwa in mun saki babi uku ba a yi mana sharhi ba, sai mu ce mun daina rubutu.

T Tauri bai zama saniyar ware ba. A 1993 Andrea Ghez da abokan aikinta suka wallafa binciken jariran taurari da dama na wannan yanki na sama da wani yankin, wata tawaga a Jamus ma ta yi irinsa a shekarar. Dama an san kusan rabin taurari masu kama da rana suna da abokan zama. Sai aka tarar a yankin burujin Sa, yawan jarirai masu abokan zama ya kusa ninka haka. Wato yawancin taurari ba su kaɗai ake haihuwarsu ba, wasu ne ke rabuwa daga baya. Maganar Yaya ce ta dawo: da wuya masunci ya fita shi kaɗai. Ita Ghez tana 'yar shekara ashirin da wani abu ta yi wannan aiki don digirinta na uku. Da wannan dabarar dai ta juya ta duba tsakiyar gungun taurarinmu, aikin da ya kai ta ga lambar Nobel a 2020.

Yanzu ma akwai na'urar James Webb, wadda aka harba ranar 25 ga Disamba 2021, mai madubi mita 6.5, tana can nisan kilomita miliyan 1.5 inda babu iskar da za ta dame ta. A watan Yulin 2023 aka fitar da hotonta na wasu jarirai biyu da ake kira Herbig-Haro 46/47, suna feso iskar gas ta ɓangarori biyu. Ku nemi hoton ku gani. Su kansu tagwayen suna dunƙule cikin ɗigo ɗaya mai haske a tsakiya.

To, 'yan uwa, nan ne muka yi tuntuɓen.

Da yawanku kun karanta gajeren labarinmu na tashin ƙauye, wanda ya zo na biyu a gasar ƙungiyarmu bara. Labarin yadda ruwa ya ci garin kakanninmu ne bayan an gama madatsar Kainji a 1968, lokacin da aka tashi mutane sama da 40,000 aka kai su sababbin matsugunai. An yaba mana a nan. Wasu sun ce har ƙamshin albasar gungu suka ji. Mun amsa da "mun gode" sau ba adadi.

Gaskiyar ita ce ba mu muka ji labarin daga bakin Kaka ba. Muna ƙanana ta rasu. Yaya ce ta zauna da ita, ita ta haddace. Yaya ta tsaya a aji uku na ƙaramar sakandare aka yi mata aure, yanzu tana can gaɓar ruwa tana bandar kifi. Shekara uku ke nan tana turo mana saƙon murya ta WhatsApp, wani minti biyar, wani minti goma, tari na katse ta saboda hayaƙi. Mukan saurara, mu juye a takarda, mu gyara waƙafi da aya, mu sa sunanmu. Ba wannan labarin kaɗai ba. Cikin labarai bakwai da muka saki a wannan zaure, biyar ƙashin bayansu nata ne. Da aka ba mu kuɗin gasar, mun tura mata kashi ɗaya cikin huɗu muka ce ta sayi sabulu, ba mu faɗa mata daga ina suka fito ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba mu taɓa kiran abin sata ba. Mukan ce wa kanmu ai ita baki ta bayar, mu muka yi rubutu.

Ana cikin haka, makon da muke tattara bayanan T Tauri, sai ga saƙonta. Ashe 'yar maƙwabciyarta da ke sakandare ta ga labarin a Facebook ta karanta mata. Mun daɗe muna kallon saƙon kafin mu danna. Ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi:

"Auta, an karanta min wanga labari naka. Ya yi daɗi, Allah Ya ƙara basira. Amma ka ɓata wuri ɗaya. Ka ce da Kaka za ta shiga jirgi hawaye suka wanke mata fuska. Wa ya gaya maka? Kaka ba ta yi kuka ba. Komawa ta yi ta ɗauko dutsen niƙanta, mai jirgi ya ce ya yi nauyi, ta ce to a sauke buhun gero a bar dutsen. Har aka tsallaka suna cacar baki. Dutsen nan shi ne wanda ke bayan ɗakina, ka sha zama a kansa."

Muka koma muka nemo tsohon saƙon. Dutsen niƙan yana ciki, ta faɗe shi tun farko. Mu ne muka cire shi muka sa hawaye, don haka muka saba karantawa a littattafai: duk wadda za ta rabu da gida, hawaye ne ke wanke mata fuska. Laifin ya zama biyu. Mun ɓoye mai labarin, sannan mun zubar da abu mafi kyau da ta ba mu, muka maye gurbinsa da jimlar da kowa ke da ita.

A daren muka koma kan littafin da muke rubuta bayanan taurari, muka tarar da abin da muka rubuta da hannunmu da rana: "Usaini ba ƙarami ba ne, ƙura ce ta tsaya tsakani." Bambancin kawai, ƙurar T Tauri ba wanda ya zuba ta. Tamu mu muka tayar.

Ranar Juma'a muka hau mota muka je. Mun same ta gaban tanda, muka gaisa, muka zauna a kan dutsen. Muka faɗa mata komai, har adadin kuɗin, da cewa ragowar mun riga mun sayi waya da su. Ta yi shiru tana juya kifi. Can ta ce, "Dama na san sabulu bai kai haka tsada ba." Muka ce, "Yaya, muna so mu sa sunanki." Ta ce sai ta shawarci maigidanta. Bayan kwana biyu ta turo saƙo: a sa, amma a fara mayar da dutsen niƙa inda yake.

Ga inda aka kwana. Mun rubuta wa sakataren ƙungiya takarda mun bayyana abin da ya faru, domin ƙa'idar gasar ta ce aiki ya zama na mai shiga shi kaɗai. In shugabanni suka ce a dawo da kyautar a ba wanda ya zo na uku, hakkinsa ne, za mu dawo da ita. Ragowar kuɗin Yaya muna biya duk wata daga aikin sola. Labarin kuma mun sake rubuta shi, zai fito nan da mako biyu da suna biyu a samansa, nata a gaba. Ta ce a can take son a fara ganin sunan, shi ya sa ba mu ambace shi a nan ba.

Ba mu kawo wannan don a ce mana sannu ba. Mun kawo ne don mun san ba mu kaɗai ba ne. Nawa ne cikinmu ke da wata goggo, ko wani direba, ko wata abokiyar zama da ke ba su labari, su juye su sa suna? Karɓar labari daga baki ba laifi ba ne, adabinmu a kansa ya ginu. Amma layi ɗaya a ƙasan take, "daga bakin wance", ba ya rage wa marubuci komai. Kuma akwai ribar da ta wuce sauke hakki. Mai karatu da ya san labari daga bakin mai bandar kifi ya fito zai auna shi daidai, kamar yadda sai da aka ga Gambo aka san nauyin Usaini. Sannan in mai labarin ta san da sunanta a kai, ba za ta bari ka sauya mata dutse da hawaye ba.

Kun saba ji muna cewa "mu" a rubuce-rubucenmu, wasu har sun tsokane mu cewa sarauta muke nema. Mun ɗauko salon ne don kunya. Yanzu dai kun san su wane ne a ciki.

Game da muhawarar da ta jawo wannan maƙala, hukunci naku ne. Mun yi amfani da faifai, da zango, da majajjawa, da bayan-ja. In akwai inda Hausar ta yi tuntuɓe, ku nuna mana, laifinmu ne ba nata ba. In akwai malamin kimiyya a cikinmu da ya ga kuskure a lissafin Kano da Hartum, ya gyara mana a fili. Wanda kuma ya samu dare mara hazo a wannan sanyin, ya fita bayan gari ya nemi Kaza, ya gangaro zuwa Dabaran, ya tsayar da ido a duhun da ke tsakaninsu. Ba zai ga komai ba, amma akwai uku a wurin.

Allah Ya ba mu ikon sauke hakkin waɗanda suka ba mu baki. Sai mun ji daga gare ku.